Kafin jini ya kai bakin inji

Duk baƙon da aka shigo da shi ɗakin gwaje-gwajenmu, daga ma'aikata ya zo ko daga wajen masu ba mu tallafi, wuri ɗaya yake dosa: gaban injin karanta DNA. Nan ake gyara zaman hula, a ari farar riga, a yi hoto. Har yau ban ga wanda ya ce a ɗauke shi kusa da firiza ba, balle ɗakin batura. Ni kuwa da nake wuni da kayan nan, in an tambaye ni, injin nan shi ne mafi sauƙin sha'ani a duk ginin. A narkar da kwalin sinadaransa, a zuba masa abin da aka haɗa, a danna, shi ke nan ya kama gabansa. Wahalar tana can baya, a kwana biyu ko uku da aka shafe ana shirya ɗan ruwan da za a ba shi, wanda ko rabin cokalin shayi bai kai ba.

Namu MiSeq ne na kamfanin Illumina, ƙirar da ta fito a 2011, kan tebur ake ɗora shi. Aikinsa ya karanto jerin haruffa huɗun da ake rubuta DNA da su, A da C da G da T. Na mutum sun kai biliyan 3, na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro miliyan 23, na ƙwayar tarin fuka miliyan 4.4, na korona kuwa wajen 30,000 ne kacal. Kuma kada a raina harafi ɗaya. Sikilar nan da ta addabi gidajenmu, A guda ce ta koma T a cikin umarnin da jiki yake bi wajen ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A cikin injin akwai wani ɗan gilashi da guntayen DNA suke mannewa a kai. Kowane guntu ya hayayyafa a inda ya tsaya har ya zama tsibi, sannan a riƙa ƙara harafi ɗaya-ɗaya, kowane harafi da launin haskensa, kyamara tana ɗaukar hoto bayan kowane zagaye. Tsibi wajen miliyan 25 yake kallo a lokaci guda, in kuma aka sa masa babban kwali yakan yi awa 56 yana abu ɗaya.

Magabatanmu a sana'ar nan ba su sami wannan gata ba. Lokacin da Frederick Sanger ya fito da hanyarsa a Kambirij ta Ingila a 1977, da ido ake karatun. A zuba DNA a layi huɗu, a ja shi da lantarki, a ɗauko hotonsa a fim irin na hoton ƙashi, sannan mutum ya zauna da rula yana bin baƙaƙen layuka daga ƙasa zuwa sama, yana kira wani yana rubutawa. In an sami haruffa 200 ko 300 daga samfur ɗaya sai hamdala. A 1986 ne Leroy Hood da mutanensa a Caltech ta Amurka suka kawo dabarar launuka huɗu, kamfanin Applied Biosystems ya mai da ita inji. A 1998 aka fito da ABI 3700 mai siraran bututu 96, kamfanin Celera na Craig Venter ya jera wajen 300 a gini ɗaya. Aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam na farko ya ci shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, da kuɗi kusan dala biliyan 3. Yau NovaSeq 6000 yana karanta na mutum 48 cikin kwana biyu. Wani abin da yake ba ni sha'awa, 'yar ƙwayar nan PhiX mai haruffa 5,386, halitta mai DNA ta farko da su Sanger suka karanta gaba ɗaya, har yanzu tana cikin firizarmu a 'yar kwalba. Duk aikin da za mu sa sai mun ɗiga ta a ciki, don an san haruffanta sarai, da ita ake gane ko injin yana karatu daidai.

To amma duk gudun nan na injin ƙarshe ne. Hannun mutum yana nan yadda yake tun 1977.

Bari in bi da ku hanyar da samfur yake bi. Jini ko kaki yakan iso a kula da ƙanƙara, a shigar da shi rajista, a ba shi lamba. Sai a fasa ƙwayoyin a tsamo DNA ɗin, a raba shi da furotin da sauran tarkace. In irin su korona da Lassa ne, RNA suke ɗauke da shi, wato ɗan'uwan DNA, sai an juya shi zuwa DNA tukuna. Daga nan a auna. Muna da NanoDrop, wanda ake ɗiga wa maikrolita ɗaya, wato ɗan mitsitsin ɗigo, ya faɗi tsabtar abin, in lissafinsa ya ba da 1.8 hankali ya kwanta. Wajen sanin yawa kuwa Qubit nake bi, don shi DNA ɗin kaɗai yake ƙirgawa. Sai a daddatsa shi zuwa guntaye masu haruffa 300 zuwa 500, a liƙa wa kowane guntu 'yan ƙugiyoyi kai da gindi don ya kama gilashin can, a kuma liƙa masa wata 'yar alama ta haruffa 8 ko 10 wadda ta bambanta na wane da na wance. Alamar nan ce take ba mu damar juye na mutum 96 a kwalba ɗaya, kwamfuta ta rarrabe su daga baya.

Tsakanin kusan kowane mataki da mai bi masa akwai wanki, kuma a wankin nan ake gane gwani. Akwai wani ruwa mai launin ƙasa da muke ce wa bids, cike yake da 'yan ƙwallayen ƙarfe da ido ba ya gani ɗaiɗai. A zuba shi a kan samfur, DNA ya manne da su. A ɗora farantin da samfurin yake ciki a kan maganaɗisu, su taru a gefe ɗaya, ruwan ya washe. A zuƙe ruwan ba tare da an taɓa su ba, a ɗauraye sau biyu da itanol mai ƙarfin kashi 80 wanda aka haɗa a ranar, a bari su sha iska, sannan a zuba ruwa mai tsabta DNA ɗin ya saki. Yawan bids ɗin da aka zuba shi yake yanke hukuncin guntayen da za su tsira: in an cika shi ya kama har ƙanana, in an rage ya bar su su tafi da ruwan wanki. Shan iskar ma da ƙa'ida. In da sauran itanol ya ɓata aikin da ke gaba, in sun bushe har sun tsattsage DNA ɗin ya ƙi saki.

Duk wannan da fifet ake yi, wato 'yar na'urar hannu mai bakin roba da ake zuƙar ruwa a zuba da ita daidai awo, a faranti mai rami 96, layi 8 daga A zuwa H, kowane layi rami 12. Maikrolita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na mililita, mu kuma aikinmu zuba 2 a nan, zuƙe 45 a can, tun safe har la'asar. Ko da fifet mai baki takwas, babban yatsa yakan danna sau ɗaruruwa a faranti ɗaya, kuma ba mai aikin nan da ya daɗe bai san ciwon gindin yatsa da na wuya ba. Ga shi ba a yi wa mai zubi magana. Mun hana sallama da ƙarfi a bakin ƙofa, don mutum yana amsawa zai rasa ko a E7 ya tsaya ko a E8, ruwan kuma duk fari ne, ba alamar da za ta nuna.

Saboda haka da aka ce za a kawo mana robot mai zubi, ni ce kan gaba a murna. Hannu ne na ƙarfe da yake yawo a kan dogo a cikin akwatin gilashi, ya ɗauki bakin fifet, ya zuƙa, ya zuba, ya yar, ya ɗauki sabo. Manyan wurare suna da na Hamilton ko Tecan ko Biomek. Akwai ɗan ƙarami na Opentrons da ake rubuta wa umarni da yaren kwamfuta na Python. Akwai ma wani wai shi Echo da ba ya taɓa ruwan sam, da sauti yake harba ɗigo mai nanolita 2.5 (nanolita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na maikrolita) daga faranti zuwa faranti. Namu matsakaici ne, ba zan faɗi sunansa ba kada a ce talla nake yi. Ranar da aka kwance shi daga akwati, wata 'yar hidimar ƙasa da aka turo mana ta matso kusa da ni ta ce, "Anti, to mu kuma ina aikinmu in wannan ya fara?" Na ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, yanzu ma aikinki ya soma."

Ta ga zahiri kuwa. Robot bai san ruwa ba, sai an koya masa kowanne. Itanol ba shi da kauri, da an zuƙo shi yake neman ɗiga a hanya, sai an ce ya ja 'yar iska a bayansa ta tokare. Sinadaran da ake ajiyewa cikin gilisarin kauri gare su, in ya zuƙa da sauri rabi zai taho sauran kumfa, sai an ce ya yi a hankali, ya ɗan dakata kafin ya ɗago. Bids kuwa kwanciya suke yi a gindin mazubi, in ba a sa shi ya riƙa motsa su ba, layin farko ya sami ruwa-ruwa na ƙarshe ya sami kauri. Hannun da ya saba yana yin duk waɗannan gyare-gyare ba tare da mai shi ya ma lura ba. Sai da muka zauna rubuta wa inji su ɗaya bayan ɗaya na gane yawan abin da yatsa ya haddace. Makonni muka yi muna ba shi ruwa mai kala maimakon samfur, muna ɗora abin da ya zuba a kan sikeli, tunda maikrolita ɗaya na ruwa miligiram ɗaya yake yi, ƙarya ba ta da wurin ɓuya.

Sai hunturu ya shigo ya sake mana lissafi. Takardar da ke zuwa da bids takan ce a bar su su sha iska wajen minti biyar, amma wanda ya rubuta bai san iskar Janairu a arewa ba, lokacin da ma'aunin laimar ɗakinmu yake sauka ƙasa da kashi 20. Mutum yana kallo, yana ganin sheƙin bids ɗin ya fara dusashewa zai zuba ruwa, ko minti biyu ne. Robot agogo yake bi. Ramukan gefen faranti kuma sun fi na tsakiya saurin ƙafewa, ga bakunan fifet da busasshiyar iska take sa su manne wa juna, ya ɗauki ɗaya biyu su biyo shi. Yanzu umarni biyu muke da shi, na damina da na rani, kuma an liƙa takarda a jikin gilashin don kada a manta a sauya.

Halinsa halin ɗan aiken da aka ce ya kai tuwo gida na uku ne, ko ya tarar gidan ya rushe zai ajiye kwanon a kango ya dawo ya ce ya kai. Mutum in ya yi kuskure a rami ɗaya yake yi, ko biyu. Shi in ya yi, duka 96 ne, kuma iri ɗaya, tsaf-tsaf, ta yadda sakamakon zai fito da kyan gani har a yarda da shi. Abin da ya fi ba ni tsoro a duk aikin nan shi ne a ɗora faranti a juye, A1 ta koma inda H12 take. Ba abin da zai tsaya, ba ƙararrawar da za ta yi ƙara. Injin karatu zai ba da Q30 mai kyau, wato kuskure bai wuce ɗaya cikin haruffa 1,000 ba, alhali sakamakon kowa ya tafi ga wani. In bincike ne na ƙwayar tarin fukan da ta daina jin magani, an ɗora wa mai sauƙi ta mai tsanani ke nan. Maganin da muke yi mai araha ne: a kowane faranti mukan bar rami ɗaya da ruwa zalla, a wurin da in an juya farantin zai sauya mazauni. In sakamako ya fito ramin da muka bari fanko yana da DNA, wani can kuma babu, mun san abin da ya faru. Shi ne kuma yake tona mana asiri in wani samfur ya fantsama cikin wani.

Masu tambayata ko su ma su sayi robot, nakan fara da tambayarsu samfur nawa suke samu a mako. In 20 ne ko 30, hannu ya fi. Inji yana buƙatar a zuba masa fiye da abin da zai yi amfani da shi, don bakinsa ba ya kai wa gindin mazubi, ragowar nan kuma zubarwa ake yi, alhali sinadarin da dala aka saye shi. Bakunan fifet ɗinsa nasa ne na musamman, ba a sa masa na kowa, faranti ɗaya kuma yakan cinye kwali da yawa. A Turai da Amurka albashin ma'aikaci shi ne tsada, inji yana rage musu shi. A nan ma'aikacin ne mai araha, robar ce mai tsada, don haka lissafin da ya fitar da su ba lallai ya fitar da mu ba. Wanda ya yi aikin nan a 2021 bai manta yadda bakin fifet ya yi ɓatan dabo a duniya ba, ga buƙatar gwajin korona, ga sanyin da ya tsayar da masana'antun roba a Texas a watan Fabrairu. Masu hannu sun lallaɓa da abin da suka samu, masu inji suka zauna kallon inji. Inda robot yake biyan kuɗinsa shi ne lokacin annoba, ko babban bincike mai samfur dubbai, inda ake son wanda aka yi a Maris da wanda aka yi a Oktoba su fito ta hannu ɗaya. A nan kam ba mai ja da shi, kuma ba ya azumi, ba ya zuwa biki.

Wuta kuwa ita ce uwa uba. Awa 56 ɗin nan da na ambata, ba a son ko ƙiftawa a cikinsu. In ta yanke a tsakiya, galibi an yi asarar kwalin da ya haura dala 1,000, da samfurin da wataƙila ba a da sauransa. Ɗakin kuma ana son ya zauna tsakanin digiri 19 da 25, a garin da Afrilu take haura 40, wato na'urar sanyaya ɗaki ma ba ta hutawa. Ga firizar da ke riƙe da digiri 80 ƙasa da sifili, wadda aikin shekaru yake ciki. Shi ya sa muke da hawa huɗu: wutar gari, janareta, sola da batura, sannan UPS, akwatin batir da ke riƙe wuta in ta ɗauke, a gindin kowane inji. Ba na sa dogon aiki ranar Juma'a sai na san wanda zai kwana kusa, na kuma leƙa tankin dizal da idona. Su ma sinadaran a cikin busasshiyar ƙanƙara suke tahowa daga waje, ita kuma tana ƙarewa ne a hankali, ko an gama takardun fito da kaya a filin jirgi ko ba a gama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, oda tun da sauran wata uku muke yi. In wani abu ya lalace a cikin inji, injiniyan da aka yarda ya buɗe shi yana iya kasancewa a wata ƙasa. Na shiga ɗakuna a ƙasar nan na ga injuna masu tsada an lulluɓe su da leda, an yi bikin buɗe su, ba a taɓa sa kuɗin kula da su a kasafi ba.

Wannan ne ya sa nake ƙaunar MinION na kamfanin Oxford Nanopore, wanda aka fara rabawa a 2014. Nauyinsa bai wuce giram 100 ba, a jikin laftof ake soka shi. Shi ba ruwansa da kyamara. Zaren DNA yake bi ta wata 'yar ƙofar furotin, kowane harafi ya sauya ƙarfin lantarkin da ke ratsa ƙofar, kwamfuta ta mai da sauyin haruffa. A 2015 Josh Quick da Nick Loman na Jami'ar Birmingham suka shirya kayan aikin da suka shiga jakar matafiyi, aka kai Gini ana karanta ƙwayar Ebola a can, sakamako yana fita cikin kwana ɗaya. A 2018 da Lassa ta yi ƙamari a Najeriya, an yi aiki da shi a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, aka gano ba sabon nau'i ba ne ya ɓullo, daga ɓeraye cutar take ta tsallakowa kamar yadda ta saba. Cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ta kai ga wannan matsaya ita ma, kuma ita ce da abokan aikinta suka fitar da jerin haruffan korona na farko a Afirka a Maris 2020. A farkonsa MinION yana da yawan kuskure, yanzu ya gyaru ƙwarai, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ƙofofin nan suna mutuwa in sun daɗe a firji. Shi ma kafin a ba shi samfur sai an yi tsamowa da aunawa da wankin bids ɗin nan dai.

Bayan inji ya gama akwai rabin aiki a gaba, na tace gigabait goma sha wani abu da ya zubo, da neman inda za a adana su, da intanet ɗin da za a tura su. Wannan fagen wasu ne a ɗakinmu, su suka fi ni bakin magana a kai.

Da aka ce kowa ya rubuto abin da yake so a kasafin baɗi, abokan aikina sun sa inji na biyu. Ni na rubuta 'yar na'urar buga lamba mai zane-zane da abin karanta ta, don a daina rubuta lambar samfur da alƙalami a jikin kwalbar da za ta shiga ƙanƙara, inda 1 take komawa 7 in raɓa ta taɓa ta. Na sa sabbin batura, da kuɗin kai fifet-fifet ɗinmu a daidaita su, da kwangilar injiniya ta shekara biyu, da horon mutum biyu a kan rubuta wa robot umarni, don yanzu mutum ɗaya ne ya iya, ranar da ya sami aiki a waje mun shiga uku. Ogarmu ta duba takardar ta ce, "Hajiya, ba abin da za a yanka ƙyalle a kai a nan fa." Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Ta sa hannu a kan batura da na'urar lamba, ta ce sauran a bari sai an ga yadda dala za ta kasance.